Baba yana son ajiye aiki saura shekara shida: me ke tura manyan ma'aikata ritayar wuri?

Tambaya: Mahaifina ma'aikacin jinya ne a wani asibitin gwamnatin tarayya. Shekararsa 54, ya yi 28 yana aiki. Kwanan nan ya ce zai rubuta takardar ajiye aiki, alhali da sauransa, ba shi da wata sana'a a hannu, ƙannena uku kuma suna makaranta. In an tambaye shi dalili sai ya ce "na gaji" ya yi shiru. Yana da hawan jini da ciwon baya, tun bara aka mai da shi aikin dare, sabon shugaban sashensu kuma yaro ne da shi ya koya wa aiki. A gida wasu na cewa asiri aka yi masa. Shin yanayin wurin aiki zai iya sa mutum ya yi haka? Me ya kamata mu yi?

Amsa: 'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika tsaya yin tambaya kafin ku yi wa Baba taron dangi. Ƙwarai yanayin wurin aiki yana sa mutum ya haƙura da shekarun da suka rage masa, kuma a nawa ganin ya fi yawan shekarun kansa tasiri. Na daɗe a sashen kula da ma'aikata, a teburin da takardun barin aiki ke bi kafin su wuce sama. Kusan dukkansu magana ɗaya ce a ciki: "bisa dalilai na ƙashin kaina". Amma ranar da mutum ya zo karɓar takardar amincewa, in ka ba shi kujera ka ce "Malam, lafiya dai?", sai ka ji wani zancen daban. Da wuya ka ji ya ce ya tsufa. Abin da za ka ji shi ne "jikina ba ya ɗauka", "ba a jin maganata", "kuɗin mota ya cinye albashin", "yaron nan ya ci mutuncina a gaban ɗalibai". Ku yi masa addu'a, wannan ba ta faɗuwa ƙasa banza, amma zancen asiri ku ajiye shi. Abubuwan da kika lissafo sun ishi mutum ya ce ya gaji ba tare da kowa ya je wurin boka ba.

Mu fara da dutin dare, tunda shi ne a fili. Jikin ɗan shekara 54 ba ya karɓar juyin dare da rana kamar na ɗan 30. Idan mutum ya haura arba'in da biyar zuwa hamsin, barcin rana yana gajarce masa kuma ba ya nauyi, ga zafinmu, ga rashin wuta, ga hayaniyar gida, ga mai sallama a ƙofa. Saurayi zai rama barcin kwana uku a yini ɗaya ya miƙe garau. Dattijo kuwa gajiyar makon jiya ce ke haɗuwa da ta wannan makon. Mai hawan jini abin ya fi yi masa illa, saboda rashin barci yana ɗaga jinin, lokacin shan magani da na cin abinci duk sun rikice. Sannan ki dubi aikin kansa. Majinyacin da ba ya iya motsi sai an juya shi kar ya yi gyambon kwanciya, sai an ɗaga shi an canza zanen gado, sai an sunkuya an nemi jijiya a hannun da ya bushe, wani lokacin da hasken waya in janareto ya tsaya. Bayan da ya shekara 28 yana wannan sunkuyon, ba ya buƙatar wani ya yi masa sammu kafin ya riƙa ciwo.

Kuma akwai dalilin da ya sa mutum mai girman Baba ya koma jadawalin dare, abin da a da ake ɗauke wa manya. Babu hannu. A farkon 2024 magatakardar hukumar da ke rajistar ma'aikatan jinya da ungozoma ta Najeriya ya bayyana cewa sama da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, fiye da 15,000 a 2023 kaɗai. Mafi yawan masu tafiya Ingila da Saudiyya da Amurka matasa ne da matsakaita, wato masu ƙarfin dare. Ba a cike gurbinsu da saurin da suke fita, sai nauyin ya dawo kan wanda ya rage, wanda ya ragen kuma sau da yawa shi ne dattijon da iyali suka ɗaure shi a gida. Haka ficewar matasa take jawo ficewar manya, sai asibiti ya yi asara biyu.

Duk da haka, da za a tambaye ni wanne ya fi nauyi cikin abubuwan da kika ambata, ba dutin dare zan nuna ba. Zan nuna maganar shugaban sashe. Na ga masu aikin da ya fi na Baba wahala sun kai ranarsu ta ƙarshe suna dariya, na kuma ga masu ofis mai sanyi sun fita da shekara biyar a gaba. Bambancin da na fi lura da shi abu biyu ne: shin mutum yana da ta cewa a kan yadda zai yi aikinsa, kuma shin ana ganin ƙimar abin da yake yi?

Masu bincike sun daɗe da gano wannan. A 1979 wani masani Ba'amurke, Robert Karasek, ya nuna cewa yawan aiki kaɗai ba shi ke karya ma'aikaci ba, sai in an haɗa masa yawan aiki da rashin iko a kan aikin: a ɗora masa kaya, kuma a hana shi zaɓen yadda zai ɗauka. A 1996 Johannes Siegrist, wani masani da ke aiki a Jamus, ya ƙara ɗaya gefen, wato rashin daidaito tsakanin wahalar da mutum ke sha da ladan da yake samu, ladan kuma ya haɗa albashi da girmamawa da ƙarin girma da kwanciyar hankali a kan kujerarsa. Da aka auna waɗannan biyun a kan ma'aikata 'yan shekara 50 zuwa sama a ƙasashen Turai goma, a binciken da aka wallafa a 2007, sai aka tarar waɗanda ke cikin irin wannan hali sun fi kowa cewa suna son yin ritaya da zarar sun sami dama. A Finland kuma tun 1981 aka fara bin diddigin dubban ma'aikatan ƙananan hukumomi da suka manyanta, shekara da shekaru ana duba ƙarfinsu na aiki. Cikin abubuwan da suka fi tafiya da ingantuwar wannan ƙarfi akwai kyautatuwar halin shugaba ga na ƙasa da shi, cikin waɗanda suka fi tafiya da raguwarsa kuma akwai rashin yabo da rashin daraja. Turawa ne waɗannan, da asibitocinsu masu wuta da ruwa. To ina ga wurinmu, inda girma da mutunci suke gaba da kuɗi a zuciyar dattijo?

Ba ina cewa yaron nan mugu ba ne, ban san shi ba. Ƙarami ya shugabanci babba ba sabon abu ba ne a aikin gwamnati, musamman a aikin jinya, inda mai digiri yake wuce wanda ya shigo da takardar makarantar koyon jinya ko da ya girme shi a aiki da shekara goma sha biyar. Da yawa suna zaune lafiya a haka. Abin da ke ɓata lamari ƙananan abubuwa ne da ba sa shiga fayil. A fitar da jadawalin wata, Baba ya gan shi a manne a bango kamar kowa, ba wanda ya ce "Baba, ga yadda muka tsara, ya ka gani?" Ya makara minti ashirin saboda layin mota, a miƙo masa kweri a rubuce ta hannun masinja, alhali kira ɗaya zuwa ofis ya isa. A zo da sabon tsarin rubuta bayanan majinyata a kwamfuta, a tura yara kwas, shi a ce ai ya kusa tafiya. Ya faɗi ra'ayinsa a taro game da majinyacin da ya ga alamar zai rikice, a ce "wannan tsohon yayi ne". Ko ɗaya daga cikin waɗannan bai kai a kai ƙara ba, shi ya sa in kun tambaye shi yake cewa ya gaji kawai. Wane uba ne zai zauna gaban 'yarsa ya ce yaron da na koya wa ɗaura ƙarin ruwa ne yake wulaƙanta ni?

Sai kuɗi, a taƙaice, don ke ma kin san halin da ake ciki. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, zuwa aiki kansa ya zama ciniki. An kai mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a Yulin 2024, amma ma'aikaci yana lissafi ne da abin da ya rage bayan kuɗin mota da abincin dare da maganin jini. In ya ga ragowar ba ta taka kara ta karya ba, zuciya takan fara raya masa cewa ɗan kyamis a unguwa ko gona a ƙauye sun fi.

Wani abu da ke ba ni mamaki shi ne yadda hukuma ke kallon wannan matsala ta fuskar shekaru kawai. Ƙa'idar da aka daɗe a kanta a aikin gwamnati ita ce shekara 60 da haihuwa ko 35 a aiki, duk wadda ta riga zuwa. A 2012 aka kai ta farfesoshi 70, sauran malaman jami'a 65. A 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta kai ta malaman firamare da sakandare 65 ko 40 a aiki. A 2023 aka mai da ta alƙalan manyan kotuna 70. Ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya su ma sun nemi tasu. Ban ƙi ba, ƙasar na buƙatar ƙwararru. Sai dai ƙarin shekaru yana amfanar wanda jikinsa da zuciyarsa suke son zama ne. Mu da muka riƙe fayil mun san akwai masu zuwa kotu su yi rantsuwar rage shekaru don kar su tafi, a ma'aikata ɗaya da masu ƙirga watannin da suka rage musu a bayan kalanda. Sa'o'in juna ne, garinsu ɗaya, matakin albashinsu ma wani lokacin ɗaya. Ki duba inda kowannensu yake zama daga safe zuwa yamma, za ki gane wanda zai rage shekaru da wanda zai gudu.

To amma fa fita tana da tsada, kuma wannan ne ya kamata Baba ya gani a rubuce kafin ya sa hannu. Wani dogon bincike da aka fara a 1985 kan ma'aikatan gwamnatin Ingila sama da 10,000 a Landan ya nuna cewa rashin lafiya da rashin jin daɗin aiki suna tura mutum ritayar wuri, amma matsin kuɗi yana riƙe shi, shi ya sa manya masu albashi mai kauri suka fi samun damar fita. A nan ma haka ne. Masu son tafiya sun fi masu tafiya yawa nesa ba kusa ba. Saura suna nan, suna sa hannu a rajista, amma zuciya ta riga ta yi ritaya.

Ma'aikacin tarayya yana ƙarƙashin tsarin fansho na karo-karo da aka kafa a 2004 aka sabunta a 2014. Kowane wata ana cire kashi 8 cikin ɗari daga albashinsa, gwamnati ta ƙara kashi 10, a zuba a asusunsa da ke hannun kamfanin fansho. Tunda ya haura 50, doka ta ba shi damar taɓa asusun in ya yi ritaya: a ba shi wani kaso a dunƙule, sauran a riƙa biyansa wata-wata, ko dai ta hannun kamfanin fanshon, ko ya sayi biyan tsawon rai daga kamfanin inshora. Matsalar ita ce wanda ya fita da wuri yana asara ta fuska biyu. Shekarun ƙarshe su ne na albashi mafi tsoka, don haka zubinsu ya fi na kowane lokaci, ga ribar da kuɗin za su ƙara haifarwa cikin shekara shida. Sannan abin da aka tara ɗin, wanda ya riga ya gaza, za a shimfiɗa shi ne a kan shekaru masu yawa, sai na wata ya ƙara sirancewa.

Akwai kuma wani kaso da mutane ke mantawa. Baba ya fara aiki kafin 2004, saboda haka yana bin gwamnati haƙƙin shekarun da ya yi a tsohon tsari. Wannan kuɗin gwamnatin tarayya ce ke zuba shi a asusun bayan mutum ya yi ritaya, kuma an sha yin jinkiri a kansa, har mutane su yi watanni ba albashi ba fansho. Hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom, ta saba tantance masu shirin fita tun ana saura shekara don a san abin da za a tanada. Wanda ya fita ba shiri dole ya tambayi yadda nasa zai kasance. Haka nan inshorar lafiyar da yake karɓar maganin jini da ita a rataye take da aikinsa. Ya bincika me zai biyo baya ranar da albashi ya tsaya. (Masu karatu da ke aikin jiha kada su ɗauki wannan lissafi kai tsaye. Jigawa da Kano suna da nasu tsarin na daban, Kaduna ta bi irin na tarayya, wasu jihohin kuma har yanzu suna kan tsohon tsari da bashin garatuti a wuya.)

Abin da zan ba ku shawara a kai shi ne ku raba tambayar biyu. Baba aikin jinya ne ya ishe shi, ko wannan ɗakin, da wannan jadawalin, da wannan shugaban? Mafi yawan waɗanda na zauna da su na biyun ne, kuma na biyun yana gyaruwa, sau da yawa da abin da bai kai a kira shi kuɗi ba. A 2007 kamfanin motoci na BMW ya yi gwaji a masana'antarsa ta Dingolfing a Jamus. Suka haɗa layin aiki guda da ma'aikatan da matsakaicin shekarunsu 47 ne, suka tambaye su me ke damunsu, suka yi ƙananan gyare-gyare kusan 70: daɓen katako maimakon siminti don gwiwa, takalma masu taushi, kujerun da za a ɗan zauna, gilashin ƙara girman rubutu, da musayar wurin tsayuwa a cikin yini. Cikin shekara ɗaya aikin layin ya ƙaru da kashi 7 cikin ɗari. Abin da ya fi burge ni a labarin shi ne ma'aikatan ne da kansu suka faɗi abin da za a gyara.

A asibitin Baba ma akwai irin waɗannan ƙofofin, sai dai ba a buɗe wa wanda bai ƙwanƙwasa ba. Ya je asibitin ma'aikata a auna shi sosai, likita ya rubuta rahoto a kan jinin da bayan, ya haɗa da takardar neman a ɗauke masa dare. Magana ta baki ba ta shiga fayil, rahoton likita kuwa ba shugaban da zai so a ce ya yi biris da shi sannan wani abu ya faru. Ya nemi a mai da shi inda ake buƙatar kai fiye da baya: sashen marasa lafiya masu zuwa su koma, asibitin masu hawan jini da sukari, sashen hana yaɗuwar cuta, ko koyar da ɗalibai da sababbin ma'aikata. Mutumin da ya shekara 28 a gefen gado yana gane majinyacin da zai rikice tun kafin na'ura ta nuna, kuma wannan ilimin ba a makaranta ake samunsa ba. In yana da hutun shekara da bai ci ba, ya ɗauka yanzu, ya yi barci, ya ga ko ra'ayinsa zai tsaya yadda yake bayan mako uku. Shawarar da aka yanke da asuba bayan dutin dare ba abin dogaro ba ce. Maganar shugaban sashe kuma ba ta takarda ba ce. A nemi wani babba da su biyun suke jin nauyinsa, ko shugabar ma'aikatan jinya ta asibitin, ko wani dattijo a ƙungiyarsu, ya zaunar da su. Sau da yawa yaron bai ma san yana taka wani abu ba, shi ma tsoro yake ji kar a ce ya kasa riƙe sashe.

Ke kuma, 'yata, kada ki tunkare shi da lissafin kuɗin makarantar ƙannenki. Ya fi ki sanin wannan lissafin, shi ne ma ya hana shi fita tun bara. In kika fara da shi, abin da zai ji shi ne ku ma albashinsa kuke gani, ba shi ba, wato abin da ake yi masa a wurin aiki ya biyo shi gida. Ki bar mahaifiyarku ko amininsa ko wani ƙaninsa da yake sakin jiki da shi su fara ji daga bakinsa. Naki shi ne ki taya shi aikin takardu. Ki raka shi ofishin kamfanin fanshonsa a fitar masa da bayanin asusu, a duba ko akwai watannin da ba a zuba ba, a yi masa kiyasi biyu, na fita bana da na fita in lokacin ritayarsa ya cika, ya gansu gefe da gefe. A tabbatar sunansa da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a fayil ɗin aiki da NIN da kamfanin fansho, domin harafi ɗaya ko shekara ɗaya da ta saɓa tana iya riƙe kuɗin mutum wata da watanni.

In an yi duk wannan, an nemi sauyi an hana, likita kuma ya ce jinin ba ya sauka, to ni ina bayan Baba ya tafi, kuma ku tsaya masa. Fansho kaɗan da ƙafafunsa ya fi cikakke a kan gadon shanyewar ɓarin jiki. A irin wannan hali ma ya tambaya ko kwamitin likitoci zai duba shi, don ritaya bisa dalilin rashin lafiya tana da nata matsayi a dokar fansho. Abin da ba na so shi ne ya rubuta takardar cikin fushi. Ƙa'idar aiki ta ce mai ritaya ya ba da sanarwar wata uku, kuma da zarar an amince da takardar, janye ta ba a hannunsa yake ba. Saboda haka rahoton likita da neman sauyin sashe da kiyasin fansho su riga zuwa, takardar ajiye aiki ta zo daga ƙarshe, in har ta zama dole.